A Talatin Na Tsaya

Bulala huɗu na sha a kan jihohin Nijeriya, uku daga ciki a kan jihar da yau babu ita. Ashirin da ɗaya ne a lokacin. Malam ya ce ba wanda zai bar hannunsa bai iya jero su da manyan biranensu ba, daga Akwa Ibom har Sakkwato, bisa jerin baƙaƙen boko, a tsaye, hannu a ƙirji. Ni kullum lafiya lau nake tafiya sai na iso Gongola. Nan harshena yake sarƙewa. In na tuna Yola sai in manta jihar da ke biye, in na kamo Imo sai in ba ta Inugu, alhali Inugu ta Anambara ce. Sai da na yi mako biyu ina bitarsu a hanyar rijiya da hanyar makarantar allo kafin suka zauna.

Suna zama, sai Janar Babangida ya yi jawabi a rediyo ranar 27 ga Agusta, 1991, muna hutun damina. Jihohi tara ya ƙara. Bendel ta rabu biyu, Edo da Delta. Gongolar da aka dake ni a kanta ta bi ruwa, Adamawa da Taraba suka maye gurbinta. Mu kanmu mun kwana Kanawa, muka wayi gari 'yan Jigawa, hedikwatarmu Dutse, garin da a ajinmu kaf ba wanda ya taɓa takawa. Dattawa a ƙofar gidan kakana suka yi ta muhawara har aka kira isha'i, kowa na tambayar me ya hana a ba Haɗejiya.

Da aka koma makaranta, Malam ya shigo, ya goge allo, ya rubuta 30 da babban baƙi. Bai ba kowa haƙuri ba. Wani yaro a bencin baya, wanda Allah ya hore wa tsaurin ido, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to dukan da muka sha a kan Gongola fa?” Aji ya yi tsit, kowa na jiran ƙarar bulala. Malam ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, “Ka kai ƙara Legas.” Ranar 12 ga Disamba kuwa gwamnati ta tattara ta koma Abuja, yaron ya yi ta yawo yana cewa an gudu da ƙararsa. Ni kuma daga ranar sunan Gongola ya bi ni. Har yau akwai waɗanda ba su san ina da wani suna ba.

Makarantarmu tana cikin waɗanda aka gina a gurguje lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, a wani gari na ƙasar Haɗejiya da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru yake ratsawa. Kafin mu kai aji shida, shekarun tsuke bakin aljihu sun ci rabinta. Iska ta yaye kwanon bulo guda, 'yan aji biyu da aji uku suna zaune a gindin maina, allonsu jingine da kututture. Aji shida kaɗai ke da benci cikakku da ƙofa mai kwaɗo. Saboda haka shiga aji shida tamkar naɗin sarauta ne. Mu ke buga tsohon wilin motar da ke rataye a matsayin ƙararrawa, mu ke ɗaga tuta, mu ke tsare ƙofa mu kama makararru mu sa su tsallen kwaɗo. In an tashi tara, mai ɗanwake mu take fara sallama. Wanda aka ba keken Malam ya kai inuwa kuwa, ranar ko gaisuwarsa ba a samu.

Kowace safiya da lissafin ka ake karya kumallo. Malam zai tsaya da bulalarsa ta dogon yaro a bayansa, ya jefo tambaya kamar dutse: bakwai sau takwas, a ɗebe shida, a raba biyar. Wanda ya amsa ya zauna, wanda ya yi inda-inda ya ci gaba da tsayuwa. Bayan nan sai a shiga doguwar rabawa, da ɓangarori, da kashi bisa ɗari, da faɗin fili da kewayensa, da labarin nan da ba ya ƙarewa na mutum shida da suka nome gona cikin kwana huɗu, wai mutum takwas kwana nawa za su yi. Mu da muka san gayya, mun san mutum takwas ɗin nan biyu hira za su zauna yi, amma littafi bai san da wannan ba.

Inda aka yi rigima shi ne kuɗin ruwa. Da safe Malam ya koya mana yadda ake ninka uwar kuɗi da kaso da shekaru a raba da ɗari. Da yamma a makarantar allo wani ya kai wa Alaramma rahoto, shi kuwa ya ce wannan ai riba ce, kuma mai cin ta da mai rubuta ta duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Washegari muka zo da ƙarfin gwiwarmu, muka ce ba za mu yi ba, haramun ne. Malam ya ajiye alli, ya ce, “Ni na ce ku ci? Cewa na yi ku lissafa.” Ya ƙara mana guda goma mu yi a gida.

A wannan fage akwai wadda ba a ja da ita. Mu arba'in da 'yan kai ne a ajin, mata tara, suna zaune a layin taga. A bencin gaba akwai 'yar wani mai awon hatsi, siririya, mara yawan magana, wadda tun tana shekara bakwai take zama kusa da mahaifinta ranar kasuwa tana riƙe masa bakin buhu. Kafin Malam ya rufe baki ta ba da amsa. Matsalarta ɗaya, ba ta nuna hanya. Malam ya ce, “Ina aikin?” Ta ce, “Malam, ai ga amsar.” Ya ce littafi yana son ya ga yadda aka yi. Sai ta sunkuyar da kai ta rubuta layi huɗu na abin da ta riga ta gama a numfashi ɗaya, kamar wanda aka tilasta wa rarrafe bayan ya iya gudu. Ɓangarorin da suka gagare mu, ita tiya da rabin tiya take gani. Kuma da sunayen kasuwa take lissafi a ranta: sisi, sule, fam, jaka. Sule kobo goma, fam naira biyu, jaka naira ɗari biyu, ko da yake an bar fam da sule a hukumance tun 1973. A shekarar 1991 aka mai da naira ɗaya da sule biyar ƙarfe, aka fito da takardar naira hamsin. Ita ce ta fara ganin sabuwar takardar a ajinmu, a hannun wani ɗan kasuwa daga Kano, ta zo tana ba mu labarin hotunan mutanen da ke jikinta, muka kewaye ta kamar ta dawo daga Makka.

Turanci kuwa yaƙi ne. Yin Hausa a cikin aji laifi ne mai suna banakula, monita yana rubuta sunaye, tara kobo goma ko bulala biyu. Abin da wannan doka ta haifar shi ne aji mai shiru kamar maƙabarta, sai nuni da hannu da ƙifta ido. Muna da Brighter Grammar kwafi biyu da suka sha ɗinki da zare, muna rera sauye-sauyen aikatau kamar karatun allo, ba tare da mun taɓa jin wani mahaluki yana magana da su a kan titi ba. Ranar Juma'a kaɗai harshe yake samun 'yanci. Malam zai ciro Magana Jari Ce daga aljihun babbar rigarsa, kwafi ɗaya tilo wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, ya miƙa wa wanda ya ga dama ya karanta. A ranar ko masu gudu bayan tara ba sa gudu. Ban taɓa ganin an daki kowa a darasin aku ba, kuma ban san wanda ya manta shi ba.

A darasin zaman jama'a mun haddace Bayajidda da rijiyar Kusugu da Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Na fi shekara goma da barin makarantar kafin na gane cewa Biram ɗin nan da muke rerawa kamar wani birni a bayan duniya, Garun Gabas ce, nan ƙasarmu, inda mutanen garinmu suke da dangi. Mun san Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, mun san 1 ga Oktoba, 1960. Amma yaƙin da Haɗejiya ta yi da Turawa a 1906, wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, a bakin kakata na ji shi, tana tsinke zogale. Littafin da aka buga a Ibadan bai san da shi ba, jarrabawa ba ta tambaya, don haka Malam bai ɓata allinsa ba.

Darasin kiwon lafiya ne ya fi taɓa fatarmu. Mu yaran fadama ne, damina da kaka a ruwa muke wuni, kuma a tsakaninmu an ɗauka fitsarin jini alamar girma ce, wanda bai fara ba yaro ne. Malam ya zana dodon koɗi a allo ya ce daga jikinsa tsargiya take fitowa ta huda fatar mai wanka. Muka yi dariya a ɓoye, muka koma ruwa da yamma. Kurkunu kuwa ba ya bukatar zane, don akwai mai shi a ajin, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kullum kaɗan-kaɗan. An sa mu haddace tace ruwa da kyalle mai tsabta, da haɗin ruwan gishiri da sukari a kwalbar lemo biyu. Wannan haɗin na yi wa ƙanwata da dare, gudawa ta galabaitar da ita, mahaifiyata tana kallona da shakka, tana cewa yaushe gishiri ya zama magani. Yarinyar yanzu 'ya'yanta biyar. Kurkunu ma an tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba.

Amma abin da aji shida ya mai da mu a idon gari, ba lissafi ba ne, ba Turanci ba. Wasiƙa ce.

A aji, wasiƙa tana da dokoki kamar alwala. Adireshi a kusurwar dama, kwanan wata a ƙasansa, waƙafi a inda ya dace. Muna rubuta wa wani kawu na ƙarya a Legas muna roƙon kuɗin littafi, ko mu rubuta wa hedimasta muna neman izinin kwana biyu. Malam yana bi da jan biro. Wannan ta jarrabawa ce. Ta gaske tana jiran mu a gida.

Garinmu garin 'yan ci-rani ne. Da an gama girbi samari su kama hanya: Agege, Sabon Ibadan, Fatakwal, wasu gadi, wasu turin ruwa, wasu bin shanu zuwa kurmi. Wasu su dawo da ruwan farko, wasu su shekara uku. Waɗanda suka bari a gida iyaye ne tsofaffi da mata a kulle. Babban mutum mai ilimi ba ya shiga cikin gidan wani. Ɗan aji uku yana shiga ko'ina, amma bai iya haɗa jimla ba. Ɗan aji shida ne kaɗai yake tsaye daidai kan dokin ƙofa: ya yi girman da zai iya rubutu, bai yi girman da za a hana shi shiga ba. Shekara ɗaya ce tak, ko biyu in mutum bai yi saurin tsawo ba. A cikinta kai ne akawun unguwa. Ana aiko yaro ya kira ka, a shimfiɗa maka tabarma, a kori ƙananan yara. Ladanka ƙosai ne, ko gyaɗa cikin marfin kwano, ko sule ɗaya, da albarka mai yawa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kowa ke kira Iya, ɗanta yana Agege. Duk wata sai na rubuta mata. In yago takarda daga tsakiyar littafina, in fara da abin da kowa ke farawa da shi, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Daga nan sai Iya ta karɓe. Wane yana gaishe ka, wance tana gaishe ka, sai ta ƙirga gidan kaf har da jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Akuya ta haifi biyu. Katangar bayan gida ta faɗi. Gero ya yi tsada. Ba ta taɓa cewa a aiko da kuɗi ba, sai dai ta ce, “Ka gaya masa katangar tana nan yadda take.” Duk wannan ana yi, mijinta yana ɗaki yana tari irin wanda ake ji har zaure. Wata rana na ce, “Iya, in sa rashin lafiyar Baba?” Ta ce, “Rubuta abin da aka ce maka. Mutum yana wata uwa duniya, ka ɗaga masa hankali ya yi yaya?” Na rubuta muna lafiya. Na rufe da haza wasalam. Sai ta sa na karanta mata daga farko, tana gyaɗa kai, tana kama ni in na tsallake gaisuwar wani. Ba ma sayen kan sarki. Direban motar shanu ake ba wa, shi zai dawo da amsa bayan mako uku, da 'yar Murtala ɗaya ko biyu a naɗe a ciki.

A wurin Iya na koyi cewa ana iya cika takarda fal don a ɓoye magana guda. Amma darasin da ya fi wannan nauyi a wani gidan na same shi.

Wata amarya ce, ba ta fi shekara da aure ba, mijin ya tafi kudu. Wani da ya dawo ya kawo mata takarda, ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi kwalliya kamar mai takardar ne zai shigo da kansa. Ta dama mini fura, ta ce, “Sha tukuna, ɗan boko, kada muryarka ta shaƙe.” Na sha. Na buɗe takardar. Mu a makaranta da baki aka koya mana karatu, ido da harshe tafiyarsu ɗaya, abin da ka gani shi za ka furta. Na fara da sallama, na karanta sunansa, na karanta nata. Sai a karo na farko a rayuwata idona ya riga bakina. Layi biyu a ƙasa na hango kalmar, da adadinta a gefe: saki ɗaya.

Na tsaya. Na ce biron ya zuba, rubutun ya dame. Ta ce, “Kawo in gani,” ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Ta karɓa, ta duba takardar tsaf, babu ɗigon tawada ko ɗaya da ya fita daga layi. Ta dube ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, amma ta miƙo mini a hankali ta ce, “Karanta dai, ƙanina.” Ban karanta ba. Na fita da gudu da takardar a hannu, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba, sai gidan Malam. Na same shi a ƙofar gida yana facin keke. Ya goge hannu, ya karanta a zuci, ya ninke. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yaba mini ba. Ya sa hularsa, ya ce in wuce gida, shi zai kai wa surukinta da liman.

Washegari bai ambaci kowa ba. Bayan lissafin ka, sai ya ce a rufe littattafai. Ya ce duk wanda aka ba takarda ya karanta, ya fara bin ta da ido har ƙarshe kafin ya buɗe baki. In ya ga mutuwa ko saki ko bashi, ba nasa ba ne, ya nemi babba. Kada ya ƙara, kada ya rage, ko da an ba shi ƙosai. Abin da ya karanta a gidan mutane kuma, a gidan zai bar shi, kamar yadda ake barin takalmin aro. Ya sa muka buɗe littafin karatu, ya ce kowa ya karanta shafi guda leɓensa a rufe. Ya bi layi-layi yana duba bakinmu, wanda leɓensa ya motsa ya ɗan taɓa shi da bulala a kafaɗa. Minti ashirin aka yi, ba a sake maimaitawa ba, ba ta kuma fito a jarrabawa ba. Takalmina kuwa da yamma aka aiko wani yaro da su, an wanke su.

Jarrabawar da ake ta wannan shiri dominta ita ce kwaman intarans, mu dai kwaman muke cewa. Ita ce rariyar da ke tace wanda zai wuce sakandare. Da can burin kowane yaro mai ƙoƙari Kwalejin Rumfa ce a Kano, ko Barewa ta Zariya in mafarkin ya yi nisa. Malam ya ce mu cire rai da Rumfa, ta zama ta wata jiha. Aka fara darasin yamma kyauta, shi da albashinsa ke yin wata biyu bai zo ba. Aka kawo mai hoto daga Haɗejiya, ya rataya farin zane a bangon ofis. Yawancinmu ranar muka fara tsayawa gaban kyamara. Riga ɗaya mai cikakkun maɓallai aka samu, ita ta zagaya maza duka, har wanda wuyanta ya shaƙe da wanda ya nutse a ciki. Sai cike fam. Ba mai takardar haihuwa. Hedimasta ya dube ka daga sama zuwa ƙasa, ya tambayi ko kafin rasuwar wane aka haife ka ko bayanta, ya yanke maka shekara. A bencin baya akwai masu gashin baki da ya fara tsiro, su ma sha biyu aka ba su. Shi ya sa rabin tsararrakina a garin nan ranar 1 ga Janairu aka haife su.

A cikin takardun gwaji akwai wata mai akwatuna da da'irori, lambobi a kusurwoyi, a ce ka gano dokar da ta haɗa su ka cike gurbi. Mu duka mun tsane ta. 'Yar mai awo kuwa kamar don ita aka ƙirƙiro ta, don a nan ba mai cewa ina aikin. Malam ya taɓa cewa, a gabanmu, in akwai wanda zai fitar da makarantar nan kunya, ita ce.

Saura 'yan makonni aka daina ganinta. Aka ce an kawo kuɗin gaisuwa. Malam da hedimasta suka je wurin mahaifinta har sau biyu. Mutumin bai kore su ba, ya shimfiɗa musu buzu, ya kawo goro. Ya ce a garin babu sakandaren jeka-ka-dawo, makarantar 'yan mata ta kwana ce, tafiyar rabin yini, kuma akwatin ƙarfe da katifa da kuɗin mota ba a awo suke fitowa ba. Ya ce yaron ɗan amininsa ne, ya riga ya ba da baki. Na daɗe ina jin haushinsa. Da na haifi 'ya'ya mata, na kuma san abin da ake nufi da tura 'yar shekara sha uku inda ba ka da kowa, sai haushin ya ragu. Bai dai tafi duka ba.

Ranar jarrabawa aka kwashe mu a bayan a-kori-kura zuwa cibiya, kowa da fensir biyu da reza da gogewa, da laya a aljihun wasu, da rubutun sha a cikin kowa. An rubuta lambar kowane ɗalibi da alli a kan tebur. Tawa tana bayan tata. Awa uku na yi ina kallon lambar nan a kan tebur wanda ba kowa. Da aka zo takardar akwatuna da da'irori, na yi abin da Malam ya ce, kada a bar gurbi: na bi sauran da canki-canki. Na ci. Mu goma sha ɗaya muka wuce, mace ɗaya.

Daga baya abubuwan da muka sha duka a kansu suka ci gaba da zamewa ɗaya bayan ɗaya. Abacha ya ƙara jihohi shida a 1996. Duniyoyi tara da muka haddace masu kewaya rana, masana suka zauna a 2006 suka sauke ta taran daga muƙaminta. Kobon da muka yi ta rabawa da ninkawa, yau ko almajiri ba zai sunkuya ya ɗauka ba. Taken ƙasar da muke rerawa kowace safiya, wanda aka kawo a 1978, an ajiye shi a 2024 an dawo da wanda Malam ya rera yana yaro. Aikin akawun unguwa ma ya mutu. Da farko kaset ya rage masa kasuwa, mutum ya yi maganarsa a rikoda a ba direba. Da wayar salula ta shigo a 2001, ta kuma iso ƙauyuka bayan 'yan shekaru, sai aka daina kiran kowa. Yanzu tsohuwa tana danna waya ta yi magana da ɗanta a Agege, shi kuma yana jin tarin da ke fitowa daga ɗaki, ba mai iya ɓoye masa.

Bara na je gida ta'aziyyar mai awo, ya rasu da tsufansa. Yayata ta raka ni cikin gida in gai da mata. 'Yarsa tana zaune a kan tabarma cikin 'yan'uwanta, ta zama Hajiya, ta yi jiki, carbi a hannu. Ashe ita ce babbar mai sayen riɗi da zoɓo a unguwarsu. Tana saye a hannun mata da kaka, ta tara a ɗaki, dillalai su zo daga Kano su ɗauka. Ta gane ni kafin in gama sallama. Ta ce, “A'a, Gongola, kai ne da furfura haka?” Na yi mata gaisuwa, muka yi addu'a. Muna zaune wani saurayi ya leƙo, ya durƙusa, ya karanto mata daga wayarsa kuɗin buhu goma sha bakwai da tiya tara, bayan an cire na dako da na dillali. Ba ta daina jan carbi ba. Ta ce, “Sake dubawa, ka ci ni dubu huɗu da ɗari biyar.” Ya sake latsawa, ya sosa ƙeya, ya ce haka ne, Hajiya.

Can gefen rumfa wata jikarta, 'yar aji shida, tana zaune da littafi a cinya tana bita da ƙarfi, ba ruwanta da zaman makoki. Abiya, Adamawa, Akwa Ibom, Anambara, Bauci. Sai ta tsaya, tana kallon sama. Kakar ba ta ko juya ba, ta ce, “Binuwai, Makurɗi.”

Yarinyar ta leƙa littafi, ta ce, “Kai Hajiya, kin tsallake Bayelsa!”

Ta ce, “Wace ce kuma haka? Tambayi Gongola, ga shi nan zaune, shi ya wuce. Ni a talatin na tsaya.”